Kama da wane ba wane ba ne: kwana biyar tsakanin Tawa da Keita

Gwaggo ta kama gindin buhun ta zazzage shi a kan tabarma. Ta sa yatsa ta tona ganyen kamar mai neman allurar da ta faɗi, sannan ta ɗago kai ta dube ni.

"Wanga mi na na?"

"Tafasa mana, Gwaggo. Ba ita kika ce in tsinko ba?"

Ba ta tanka mini ba. Sai ta ƙwala wa ƴarta kira, ta ce ta zo ta ga abin da Mushe, wato ni malamin makaranta, ya kawo daga bayan gari. Ƴar tata taubashiyata ce, kuma tun muna ƙanana ba ta taɓa raga mini ba. Ta fito daga madafa tana goge hannu a zane, ta tsuguna, ta shiga ware ganyen kashi uku, hannu na aiki baki na dariya. Kashi na farko bai cika tafi biyu ba, shi ne tafasa. Na biyu rai-ɗore. Na uku, wanda ya fi sauran tudu, filasko.

"Inna, ɗanki so shi kai gidanga duk mu kwana bakin daji, kowa da butatai."

Ga wanda bai sani ba, filasko ake jiƙa wa mutumin da cikinsa ya ɗaure, kuma ba ya wasa da aikinsa. Da an dafa abin da na kawo an kwaɗa da ƙuli-ƙuli, da babu mai runtsawa a gidan nan sai gari ya waye.

Dariyar ta yi mini zafi ne saboda sana'ata. Shekara 12 ke nan ina koyar da ilimin halittu a wata kwaleji a Yamai. Na zana fure a allo har ban san iyaka ba, na tsaga shi gida-gida, na sa yara sun haddace sunan kowane sashe, na rage wa wasu maki don sun manta guda. A Yamai aka haife ni. Mahaifina ɗan Adar ne, daga wani ƙauye gabas da Tawa a kan hanyar Keita, amma ni iyakar sanina da tafasa a cikin kwano ne, ko busasshiya a tiya a kasuwar Katako. Ban taɓa tsayawa a kanta tana tsaye da ranta ba sai ranar nan.

Tafiyar kanta ba ta da wani labari. Motar fasinja ta tashi kafin asuba, Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙwanni, a kowane shinge a sauka a nuna kati a koma. A Tsarnawa muka bar hanyar Maraɗi muka miƙe arewa, muka ratsa Badagishiri, la'asar sakaliya ta same mu a Tawa, wajen kilomita 550 daga inda muka taso. Washegari ɗan kabu-kabu ya kai ni ƙauye. Ƙarshen Satumba ne, hatsi ya nuna, wasu har sun fara yanka, ƙasar Adar da na saba gani ja wur da duwatsu ta yi shar kamar ba ita ba. Gefen hanya kuwa rawayan fure ne iya ganinka. Ina bayan babur ina ce wa kaina, ikon Allah, tafasa har ta yi yawa.

Shi ya sa da Gwaggo ta yi zancen ganye da marece, ni na miƙe na ce a ba ni buhu. Na tarar da su a bayan rufewoyi, a cakuɗe, duk da rawayan fure mai kunne biyar. Na ɗaga salula zan tambayi manhajar nan mai gane tsiro daga hoto, babu rezo. Na ce ai ba sai an tambaya ba, fure ɗaya ne. Na cika buhu.

Da safe taubashiyata ta ce in biyo ta, za ta sa ni lokol. Ta taho da ƴarta, yarinya ƴar shekara tara, wai ita ce mataimakiyar malama.

Darasin farko lissafi ne. Ta tsinko ganyen tafasa guda ta shimfiɗa mini a tafin hannu, ta ce in ƙirga. Sanda ɗaya, ƙananan ganyaye biyu-biyu suna fuskantar juna, sahu uku, shida ke nan. Na ƙarshen sun fi girma, bakinsu a kewaye kamar bakin cokali, sun tsuke ta wajen gindi. Ta ce in tsinko wani, in sake ƙirgawa. Shida. Wani kuma, shida. Tafasa ba ta wuce shida. Ta miƙo na rai-ɗore: sahu huɗu, wani biyar, kowanne da tsini kamar bakin mashi, karan da ɗan ja-ja. Kafin in gama dubawa yarinyar ta murje ɗaya ta kai mini hanci. Na kau da kai ba shiri. Wari ne mai nauyi, irin wanda in ka shaƙa sau ɗaya ba ka ƙara mantawa, ko awaki ratsa shi suke yi su wuce.

Filasko ne ya fi cuta ta, domin ganyensa mai kewayayyen baki ne kamar na tafasa. Amma da aka ajiye mini su kusa da juna sai na rasa yadda aka yi na ruɗe. Tafasa a tsaye take, ta kai mini ƙugu, kore shar. Filasko yana baje ne kusa da ƙasa, rassansa na fitowa daga wani tsohon gindi mai tauri, launinsa kore mai toka-toka kamar an barbaɗa masa gari, kuma sahunsa ya wuce uku: huɗu, biyar, shida.

Sai ta ce duk wannan wahala ce, tunda kaka ta yi, in dubi ƴaƴan. A nan ne kamar ta ƙare gaba ɗaya. Ɗan tafasa siriri ne dogo, ya kusa taƙi, ya lanƙwasa kamar lauje, in ka ɓare ka ga ƙwayoyi masu sheƙi, masu kusurwa kamar an yanka su da wuƙa. Na rai-ɗore shimfiɗaɗɗe ne, ya ɗaga kai sama, da duhun zane a tsakiya, gefe da gefe ya yi haske. Na filasko kuwa gajere ne mai faɗi, siffar ƙodar akuya, falan-falan kamar takarda, da wani tudu-tudu a jere a tsakiyarsa kamar zankon zakara. Ko makaho aka damƙa wa ukun nan zai raba su.

Na ce to ni furen na duba.

"Hure ado na," in ji ta. "Ran buki kowace ɗiya da lallenta. In kana son ka san ɗiyar wa ta, tahi gidansu da sahe."

Na yi shiru, domin ta taɓa wani abu da ban taɓa faɗa wa ɗalibaina ba, ni ma ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba. Masana suna dogara da fure wajen haɗa dangi saboda shi ne sashen da ba ya saurin canzawa. Ganye na iya ƙanƙancewa a fako ya yi faɗi a fadama, amma tsarin fure yana nan yadda yake a cikin zuri'a. To abin da ya haɗa ƴan gida ɗaya, yaya za a yi ya raba su? Furen ya gaya mini gaskiya, ukun nan ƴan uwa ne. Ni ne na tambaye shi abin da ba shi da amsarsa. Masu tsinkar ganye kuwa ba sa ma jiran fure. Tun ruwan farko, tsiro bai fi yatsa ba, suke sanin wanda za a ci da wanda za a bari.

A littafi ukun suna gida ɗaya da ake kira Senna: tafasa Senna obtusifolia, rai-ɗore Senna occidentalis, filasko Senna italica. Dā can duk Cassia ake ce musu, sai a 1982 wasu masana biyu a Amurka, Irwin da Barneby, suka raba gidan, marga mai zubo da fure kamar zangarniya ta zauna a Cassia, waɗannan suka koma Senna. Har yanzu za ka ga tsofaffin takardun aikin gona na ƙasar nan suna rubuta wa tafasarmu Cassia tora.

Don in rama, na zaro ɗan gilashin ƙara girma da nake yawo da shi a jaka. Na nuna mata wani abu da na tabbata ba ta sani ba. A tsakanin sahun farko na ganyen tafasa akwai wani ɗan tsinke ƙanƙane a tsaye, kamar kan allura, yana tsatso ruwa mai zaƙi, shi ya sa tururuwa ke hawa da sauka a wurin. A rai-ɗore ba a nan yake ba, yana can gindin sandar ganye dab da kara, dunƙulalle, mai duhu. Da wannan masana ke tantancewa in an kawo musu busasshen reshe babu fure babu ɗa. Yarinyar ta karɓi gilashin ta leƙa, ta yi ihu ta ga tururuwa ta zama kamar ɗan akuya. Uwar ta leƙa sau ɗaya ta miƙo mini.

"To Mushe, kai sai ka sa madubi kahin ka ci tuwo?"

A hanyar komawa muka bi ta jigawa, yarinyar ta ci gaba da jarraba ni. Ta nuna mini fure biyu, duka siffar ƙaho, duka tsakanin ja da shuɗi, irin furen riɗi sak. Wannan karon ban yi saurin baki ba. Na tsuguna. Ɗaya yana yaɗo a ƙasa, ganyensa mai faɗi ta gindi da ɗan haƙori-haƙori, furen ya koɗe, da zane-zane masu duhu a leɓen ƙasa. Kwanson ɗansa gajere ne, da ƙaho biyu a kusurwoyin kai kamar ɗan maraƙi. Ɗayan a miƙe yake ya kai mini ƙirji, ganyensa na ƙasa ya rabu siri-siri kamar yatsun hannu, furen ya fi ja, kwanson dogo mai baki kamar na tsuntsu. Na farko yoɗo ne, wanda wasu ke kira karkashi, na miya, wanda mata ke wanke kai da yauƙinsa. Na biyu riɗin barewa. Ta fasa busasshen kwanso ta hura a tafin hannunta, ƙwayoyin suka tashi, ashe kowace da ɗan fiffike a kai da gindi. Sunan da masana suka ba yoɗo, Ceratotheca, da Girkanci ma'anarsa kwanso mai ƙaho. Su ma ashe ɗan suka duba.

Magarya da kurna ba su ɗauke mu minti ɗaya ba. Duka suna cikin fure a lokacin, ƴan mitsi-mitsin taurari kore-kore da ƙudaje suka rufe, duka ƙayarsu biyu-biyu, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya ƙugiya, duka ganyensu da jijiya uku daga gindi. Juya ganyen kawai. In bayansa fari ne mai laushi kamar auduga, magarya ce. In kore ne ciki da baya, kurna.

Rana ta uku na bi mijin Gwaggo, wanda muke kira Baba, zuwa gona. Ina ta yaba wani jan fure mai kyau da ya cika tsakanin kunyoyin hatsi, har na ɗauki hoto. Baba ya dube ni kamar na yabi ɓarawo a gaban mai kaya. Ƙuduji ne, gaugai, wuta-wuta. Saiwarsa a maƙale take da saiwar hatsi tana tsotsa tun yana ƙarƙashin ƙasa, kafin ya ɓullo ya riga ya gama ɓarna. Tsiro guda na zubar da dubun-dubatar ƙwayoyi kamar ƙura, su kwanta a ƙasa shekara da shekaru, ba za su tsira ba sai sun ji ruwan da saiwar hatsi ko dawa ke fitarwa. Ya kai ni gefen da ya shuka wake ya nuna mini wani: gajere, rassa cunkus daga gindi, jikinsa da kauri, ganyen ba su fi ɓawon kifi ba, furen ƙanana masu koɗaɗɗen shuɗi. Ya ce wannan na wake ne, ba ya taɓa hatsi, wancan kuma ba ya taɓa wake. Manomi ya san haka ne don a kansa yake yanke abin da zai zuba a wurin baɗi. A littafi Striga hermonthica da Striga gesnerioides ne, kuma littafin bai ƙara komai a kan abin da Baba ya faɗa ba.

Daga gona muka hau amalanken jaki muka haura dabagi, wato saman tudun dutse. A nan na fi daɗewa, a nan kuma rigata ta yage.

Wanda ya san Adar a shekarun fari zai gaya maka tuddan nan ƙwal suke, dutse da jar ƙasa. A 1984 aka fara babban aikin raya ƙasar Keita da kuɗin Italiya, tare da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ana biyan masu aiki da abinci. Aka haƙa ramuka a jikin tsaunuka, aka jera duwatsu don tare ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa, kuma mafi yawan masu ɗaukar dutsen mata ne, domin maza sun tafi bida, wato ci-rani. Gwaggo na cikinsu. Har yau in ka tsaya a bakin dabagi za ka ga layukan, itace bayan itace, suna bin kwanciyar tudu. Kusan duk masu ƙaya ne, masu ɗan siririn ganye irin na gashin tsuntsu, kuma a idona duk ɗaya ne.

Baba bai ce in ƙirga komai ba. Cewa ya yi in sa hannu.

"Kak ka dubi bisa. Ƙaya za ka tambaya. Akwai mai suka, akwai mai riƙo."

Mai suka ita ce doguwa, fara, miƙaƙƙiya, biyu-biyu a gindin ganye. Bagaruwa ke nan, da erehi, da tamat. Bagaruwa baƙin ɓawo gare ta mai tsagewa, furenta dunƙule-dunƙule rawaya kamar ƴan ƙwallaye, a lokacin ma tana cikinsa. Erehi, wanda mutanen kudu ke kira dushe, ba ya cikin fure, amma Baba ya kama hannuna ya goga a jikinsa, tafina ya fito ja kamar na taɓa tsatsa. Wannan garin da ke jikin ɓawo shi ne shaidarsa. Tamat na kama da erehi ƙwarai, sai dai ba ta da gari, ɓawonta na sheƙi yana saɓulewa, kuma ba ta yin gindi ɗaya, tun daga ƙasa take rabuwa. Kandili ya haɗa biyun, a reshe guda ka ga doguwar ƙaya ka ga gajeriyar ƙugiya, kansa a baje kamar laima. Baba ya tona ƙasa da ƙafa a gindinsa ya fito da ɗan bara, a murɗe kamar zobe. Gawo kuwa shi kaɗai ke tsaye tsirara a tsakiyar kore, bai fara toho ba tukuna, sai ruwa ya ɗauke.

Mai riƙo ita ce akwara, daƙwara a bakin wasu, uwar ƙaro mai kyau. Na miƙa hannu zan jawo furenta, fari dogo kamar ƙaramar zangarniya, sai na ji an kama ni ta hannun riga. Na ja baya, ta ƙara riƙewa. Na yi gaba, wata ta kama. Baba na tsaye yana kallo, sai da ya ji ƙyat sannan ya zo ya ɓalle ni, ya lanƙwaso reshen ya nuna mini. Ƙaya uku ne a wuri ɗaya, gajeru, baƙaƙe. Ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa, biyun gefe sun lanƙwasa sama. Duk inda ka ja akwai mai jiran ka.

Abin da ya ba ni mamaki, rabon da Baba ya yi da hannu shi ne kusan rabon da masana suka yi bayan dogon rikici. Dā duk itatuwan nan Acacia ne a littafi. Da bincike ya nuna ba zuri'a ɗaya ba ce, sai aka shiga jayayyar wa zai riƙe sunan. A taron masana tsirrai na duniya a Biyana, a 2005, aka bar wa itatuwan Ostiraliya shi, aka sake tabbatarwa a Melbon a 2011. Namu aka raba su biyu. Masu doguwar ƙaya biyu-biyu da dunƙulallen fure suka zama Vachellia, masu ƙugiya da dogon fure irin akwara suka zama Senegalia. Gawo tun 1934 aka ware masa nasa gida, Faidherbia, da sunan wani gwamnan Faransa a Senegal. Na ba Baba wannan labari ina jin daɗin kaina. Ya tambaye ni wace shekara na ce. Na ce 2005.

Ya nuna wani ɗan kurmi mai kaurin ganye, kore mai duhu, a gefen dutse. Anza. Ya ce a waccan shekarar, bayan fara da ƙarancin ruwa sun cinye amfanin 2004, ita suka ci. Ƙwayarta ɗaci gare ta, kuma tana da dafi, sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwa ana sake wani kafin ta ciwu. Wanda ya yi gaggawa ya sha wuya. Bai ƙara komai ba, ya kaɗa jakinsa. Ni ma ban sake ɗauko zancen Biyana ba.

Kada a ce na mayar da mutanen ƙauye waliyyai. Akwai inda suka haɗa abin da littafi ya raba. A gangaren dabagin na ga wata akwara da ta yi mini dabam: ƙayarta biyu ce a mafi yawan gaɓoɓi, ganyenta ƴan kaɗan ne kuma sun fi faɗi, har kana iya ƙirga su daga tsaye, alhali na waccan sai ka matso. Na ce Baba wannan fa? Ya ce akwara ta. Na ce ba iri ɗaya ba ne. Ya ce ɗiyan uwa guda na, awaki na cin wagga suna cin waccan, duka suna ƙaro. A littafi Senegalia laeta ce, waccan kuma Senegalia senegal, kuma masana da dama na ganin ta samu ne daga barbara tsakanin akwara da wata ƴar uwarta. Haka kalgo. Suna ɗaya ne a bakinmu, amma iri biyu ne: namu na nan arewa bayan ganyensa sumul yake, na kudu inda ruwa ya fi yawa yana da gashi-gashi mai launin tsatsa. Ba wanda ya ga dalilin raba musu suna, tunda igiya iri ɗaya ake ɗayewa daga ɓawonsu. Yadda na fahimta, Bahaushe na tsananta bambancewa ne a inda kuskure ke da tsada, wajen abin da za a ci, ko a sha, ko a ba dabba, ko abin da zai kashe gona. Inda babu asara, sai ya bar su da suna guda. Masani kuma dole ya raba ko da asara ko babu, aikinsa ke nan. Ban ga wanda zan ce ya yi laifi ba a cikinsu. Abin da ya dame ni shi ne ɗalibaina, da yawansu ƴaƴan irin gidajen nan ne, suna fita daga ajina ba su da na Baba, na littafin ma sunaye kawai suka haddace.

Ran Lahadi na shiga Tawa yankan tikiti, na faɗa cikin cin kasuwa. A layin masu kayan jima na tsaya gaban wata tsohuwa da tulin bagaruwa. Da a makon jiya ne da na wuce abina. Yanzu sai na ga siffa biyu a tulin: wasu sun tsuke tsakanin ƙwaya da ƙwaya kamar carbi, wasu shimfiɗaɗɗu ne, gefensu ɗan lanƙwasa kawai. Na tambaye ta. Ta ce mai carbi ta bakin ruwa ce, irin wadda ke tsayawa cikin tabki da damina, ɗayar ta tudu ce. Ta ce in saya ko in matsa, ina tare mata ciniki. Na sayi na dala ashirin don kunya. Na zagaya layin ganye, tafasa da yoɗo da malohiya da zogale duk a bushe a tiya, wasu an riga an daka. A nan ƙirga ba ta aiki, kwanso babu. Na ga mata na ɗiba su murza su shinshina, wata ta ɗan taɓa a harshe ta ji yauƙi. Wannan ajin ban kai shi ba.

Na cika ambulan bakwai da kwanso iri-iri, na rubuta sunan Hausa a gaba, na littafi a baya. Niyyata in juye su a kan tebur ranar da aka koma lokol, in ce kowa ya ware, kafin in taɓa alli.

Daren ƙarshe, tun kafin a ce komai, na ɗauki buhun na fita. Rana ta kusa faɗuwa, sai na tarar da wani abin da ba wanda ya gaya mini: tafasa ta fara naɗe ganyenta, sahu-sahu suna rufuwa kamar tafin mai addu'a ya shafa. Na tsuguna ina buɗewa ina ƙirgawa. Shida, in tsinka. Na murza na shinshina. Na duba laujen. Sauro ya yi mini kaca-kaca a ƙafa, amma ban tashi ba sai da buhun ya yi rabi.

Gwaggo ta zazzage a tabarma ƙarƙashin fitila. Taubashiyata ta zo ta tsaya a kanta, hannu a ƙugu, tana jiran abin dariya. Gwaggo ta tona, ta tona, ta ɗauki ɗaya ta murza, ta kai baki ta ɗan tauna, ta tofar.

"Tahwasa ta," in ji ta. "Babu gami."

Na buɗe baki zan yi wa taubashiyata gori, sai Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Amma ta tsuhwa, ɗana. Wadda ta yi ɗiya wa ka cin ta? Kai ɗai aka tsinka, mai taushi. Wagga ko an kwana ana dahuwa igiya ta."

Ta tattara ta miƙa wa yarinyar, ta ce a shanya a kan rufin zana, in ta bushe tumaki sa ci da rani. Aka kawo mini tuwo da miyar yoɗo.